Majanyin da Kika Ɗauke a Akwatina

Nima, ranar Laraba

Ummi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya lau, da yatsunki goma cif, don na ji an ce inda kika tafi akwai masu sha'awar rage wa mutum su. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta? Allah Ya tsare min ke daga mai ja da ciki, da mai ƙafa huɗu, da kuma mai ƙafa biyu, wanda a iya sanina ya fi su duka iya ɓarna. Babanki yana gaishe ki. Hajiya tana gaishe ki, ta ce a gaya wa jikarta kada ta yi wasa da sallar asuba don ta zama ma'aikaciyar gwamnati. Labarin gida ke nan. Sauran ba zai lalace ba kafin ki zo hutu.

Bari in fara da abin da ban faɗa miki da baki ba, don kin san bakina ya fi gwanancewa wajen gyara da wajen yabo. Murna nake yi, Ummi, irin murnar da ba ta dace da mace mai shekaruna da tabarau ba. Ranar da aka ɗauke ki aikin nan na shiga aji zan koya wa 'yan mata yadda ganye ke numfashi, sai ƙararrawa ta same ni ina ba su labarin giwa. Jami'ar kula da namun daji! 'Yar unguwar Nima, wadda ta tashi a lungun da babban naman dajinsa shi ne ɓeran kwata, ita ce za ta riƙa buɗe taga da safe ta ga gwanki da mariya suna kiwo. Za ki ga sawun giwa a laka, ki sa ƙafarki a ciki, ki ga yadda Allah Ya yi ki 'yar mitsitsiya. Ni a littafi na san waɗannan dabbobi, har na ci jarrabawa a kansu. Ke kuwa kashinsu za ki taka da takalminki. Wallahi har 'yar hassada nake ji.

Matan gidanmu ba su gama hukunci a kanki ba tukuna. Jiya Anti Akosua mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake ƙunshewa a ganye, ta tare ni a bakin famfo, ta ce, "Ei, Madam! Duk karatun nan da yarinya ta yi, ashe kiwon biri za ta je?"

Na ce, "Anti, ni ma shekara da shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane. Aikin ɗaya ne, sai dai nata ɗaliban ba sa kawo iyayensu ƙara."

Ta yi dariya har bokitinta ya cika ya zube, ta ce in gaya miki idan kin samu gafiya mai ƙiba ki tuna da ita. Na yi mata bayanin cewa aikinki shi ne hana irin wannan. Ta ce to aikin banza ne.

Na san kin tafi da fushina a ranki. Rabin Nima ta raka ki tashar Tudu, ni uwarki na ce ina da takardun jarrabawa da zan duba. Kada ki zubar da fushin nan, ajiye shi a gefe, za mu dawo kansa kafin in rufe. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Shekaranjiya na buɗe akwatina ina neman mayafi, sai na ga babu majanyin nan na saƙi, baƙi mai ratsin ja, wanda na goya ki da shi. Ban yi cigiya ba. A gidan nan mutum ɗaya ce ta yi kwana da kwanaki tana zancen wani jinjirin jan biri da mafarauta suka kashe uwarsa, wanda aka ce yana jiranta a gandun daji, renonsa ne aikinta na farko har ya isa a mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Mutum ɗaya ce kuma ta tambaye ni, kamar da wasa, wai ko biri yana yarda da goyo. Ba sai an je jami'a za a haɗa wannan da wancan ba, amma tunda na je, na haɗa.

Ummi, kada ki goya shi. In kin riga kin fara, ki sauke shi yau. Ran birin nan a majanyin nan yake, kuma zan gaya miki yadda aka yi na sani.

Kin san labarin Ɗanlami. Duk yaron da ya tashi a gidan nan ya san shi. Amma kin san shi ne yadda Hajiya ke ba da shi: biri mai hankali kamar mutum, da wani mugun manomi marar imani. Labari ne mai daɗi, da gwarzonsa da azzaluminsa. Ni zan ba ki shi yadda mai nazarin dabbobi za ta ba da shi. A nawa babu azzalumi ko ɗaya, sai mata masu kirki da yawa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin, farkon shekarun saba'in, da gashina tsaye kamar kwando da tabbacin cewa babu abin da ban sani ba. Wata Alhamis na biyo ta Tudu, sai na ga wani ya sauko daga motar arewa da kwando a hannu. A ciki akwai jinjirin jan biri, bai fi ƙunshin dokunu ba, idanu sun cinye masa fuska. Na saye shi. Tun ban kai gida ba ke nan na tafka kuskure na farko, domin wanda kika sayi ɗan biri a hannunsa yau, aikensa kika yi ya je ya harbo wata uwar. Ke yanzu kina da kaki da doka a bayanki. Karɓa za ki yi, ba ciniki ba.

Na iso gida yana rawar sanyi yana wani kuka siriri. Na yi yadda na karanta: na samo kwali, na shimfiɗa tsumma, na sa kwalbar ruwan ɗumi. Hajiya ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina.

"Ke Safiya, wannan wane irin rashin imani ne? Jinjiri a kwali kamar sabulu?"

Na ce, "Hajiya, ba jinjiri ba ne, dabba ce. Haka ake yi."

"A ina ake yi? Juyo nan."

Na juya. Ta ɗora min shi a baya, ta kawo zane ta ɗaure. Nan take ya yi tsit. Na ji 'yan yatsunsa sun kama rigata, na ji numfashinsa a tsakanin kafaɗuna. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "To, malamar boko, wane littafin ne ya gaya miki wannan?"

Ki lura da nan. Na sani sarai cewa ɗan jan biri a cikin uwarsa yake maƙalewa, ba a bayanta ba. Na san cewa abin da jinjiri ya maƙale wa a watanninsa na farko, shi zai ɗauka jinsinsa. Da an tambaye ni a jarrabawa da na cika shafi biyu. Ba jahilci ne ya kayar da ni ba, daɗi ne. Babu wanda ya gaya min cewa ɗumin ɗan abu a baya yana shafe karatun shekara uku, shi ya sa nake gaya miki.

Kafin sati gida ya ɗauka. Aka yi gardamar suna. Hajiya ta ce ran Alhamis ya zo, Ɗanlami ne. Anti Akosua, lokacin tana amarya, ta ce a wurinsu Yaw ne. Aka bar masa duka biyun, ya zama ɗan zango na gaskiya. Har waina aka soya aka raba, sai ga saƙo daga limamin unguwa wai wa ya haihu ba a gaya masa ba. In zan tafi makaranta sai in kwance shi in miƙa wa wadda ke kusa. Mai daka ta goya shi ta yi dakanta, mai wanki ta goya shi ta sunkuya kan bahonta, mai koko ta kai shi bakin titi, ciniki ya ƙaru. Duk bayan da ke da zane a gidan nan nasa ne. Darasi ɗaya muka koya masa, muka kuma koyar da shi da kyau fiye da duk wanda na taɓa koyarwa a aji: in ka ji tsoro, in ka ji yunwa, nemi bayan mace ka hau.

Ga abin da za ki yi da naki. Ba cewa nake ki bar shi ya mutu da sanyi ba, jinjirin biri in bai sami abin runguma ba yakan lalace ko da cikinsa a cike yake. Sami ƙaramin buhu ki cusa masa busasshiyar ciyawa, ki sa kwalbar ruwan ɗumi a tsakiya, ki naɗe shi da zane, ki rataye shi yadda zai riƙa lilo, ya kama shi ta ƙasa kamar yadda zai kama cikin uwarsa. Ki ba shi madara bakinki a rufe. Babu waƙa, babu "ɗan albarka", babu kallon ido cikin ido. Kada ki raɗa masa suna. Na san ki, kin riga kin zaɓa tun a mota. Haɗiye shi. Ranar da kika fara kiransa yana zuwa, kin fara gina masa kabari. Kuma tun yana ƙarami ki nema masa birai, ko da guda ɗaya ne, ko da tsohuwa ce mai mugun hali. Marin da tsohuwar biranya za ta yi masa ya fi duk tausayinki amfani a gare shi.

Kuskure na gaba, abinci. Ɗanlami da koko da ƙosai yake karya kumallo. Yana shan shayi da madara, in sukari bai ji ba ya ture kofin. Ya san ranar da ake tuwon shinkafa. Wata rana ilimi ya motsa min, na ce bari in koya masa abincin kakanninsa. Na kamo fara ƙatuwa na ajiye masa. Farar ta yi tsalle, shi ma ya yi tsalle, sai bayan Hajiya. Gida ya kwashe da dariya, Hajiya tana jijjiga shi tana cewa, "Rabu da ita, ɗan birni, so take ta mayar da kai baƙauye." Ni ma na yi dariyar. Na kawo masa ƙaro daga wurin masu magani, ya shinshina ya jefar. Babban amininsa kuwa karen mahautan bayan gidanmu ne, tare suke barcin rana, kan wannan a cikin wancan. Mutane har tsayawa suke su kalla, suna cewa ikon Allah. A daji kuwa inda duk kika ga kare, mafarauci na bayansa.

Saboda haka duk abin da ba zai samu a daji ba, kada ya san ɗanɗanonsa. Masu gadin daji za su miƙa masa burodi don nishaɗi, mai dafa muku abinci zai ba shi ƙanzo. Hana su, ko da za su ce sabuwar Madam ba ta da fara'a. Kada ya ci daga hannu, kada ya san tukunya. Ɓoye masa abincin a cikin ciyawa da kogon itace ya wahala kafin ya samu. In ya ga kare bai firgita ba, aikinki bai yi ba. In ya ga mutum ya nufo shi da murna, aikinki ya ɓaci. Wannan sana'a ce mai ban mamaki, Ummi: likita yana so maras lafiya ya gode masa, malama tana so ɗaliba ta tuna da ita, ke kuwa ladanki shi ne wanda kika rena ya hango ki ya ruga.

Daɗin nan bai daɗe ba. Ɗanlami ya girma, ya yi tsawo kamar karen farauta, fiƙoƙi suka fito. Lokacin babanki ya fara zuwa zance daga unguwar Kanda da farar riga da turare. Ranar da ya zauna kusa da ni fiye da yadda Ɗanlami ya ga ya dace, sai ji muka yi dirif daga kan katanga. Tabon nan na bayan hannunsa da yake gaya wa abokansa wai na injin babur ne, ki ƙidaya ramukan in kin dawo. Daga nan ya kifar da farantin mai gyaɗa, ya yaga wa wata mayafi a hanyar biki, ya kori yaran makarantar allo har cikin kwata. Matan da suka soya wainar sunansa su ne suka zo min a ƙungiyance. Anti Akosua ce mai magana.

"Madam, ki san yadda za ki yi da ɗanki."

Na ce, "Anti, da can Yaw ne, yau ya zama ɗana?"

Ta ce, "Yaw bai da haƙori."

Ta fi ni gaskiya. Ƙuruciyar dabba 'yar kaɗan ce, sauran rayuwar tana da tsawo, kuma da haƙora take zuwa. Duk sa'ad da hannunki ya yi miki ƙaiƙayin shafa kan wani ɗan abu mai manyan idanu, ki hango shi da fiƙoƙi, ki tambayi kanki a ina zai zauna a lokacin.

Sai na yanke shawarar mayar da shi daji, ni kaɗai, ban tambayi kowa ba, don ina ganin tambaya ta waɗanda ba su ci jarrabawa ba ce. Babanki ya aro mota, da murnarsa har ba ta ɓoyuwa. Hajiya ta ƙulle wa Ɗanlami guzurin ƙosai a takarda, ta tofa masa addu'a tana hawaye. Muka nufi gabas da birni, wani fili mai ciyawa da duwatsu inda na taɓa ganin garken jajayen birai. Muka yi sa'a suna nan, can nesa. Na buɗe kejin. In ban manta ba har ɗan jawabi na yi masa a kan 'yanci, zamanin ne ya kawo haka.

Babban namijin garken ya miƙe a kan dutse ya yi wata gurnani. Ɗanlami ya dube shi kamar yadda za ki dubi aljani, ya juyo a guje ya ɗare bayana. Na ɓanɓare shi na ɗora shi a kan reshe, na ajiye masa ƙosansa, na ruga mota. Ya biyo mu. Kin karanta irin gudun jan biri, ni na gan shi ta madubin mota. Babanki ya ce, "Safiya, in tsaya?" Na ce, "Ci gaba." A lokacin na ɗauka jarumta ce irin ta masu ilimi.

Bayan 'yan kwanaki muka koma, da abin hangen nesa a wuyana, zan duba yadda ɗalibina ke ci gaba. Ba mu kai filin ba mutanen wani ƙauye da ke kusa suka tare mu, don sun gane motar. Aka kai mu wurin wani magidanci da matarsa, babanki yana fassara. Matar yarinya ce, ba ta kai ni ba. Tana sunkuye tana cire ciyawa a gonar rogo, da zane ɗaure a ƙirji, sai wani ƙaton jan biri ya fito daga ciyawa ya haye bayanta, ya rungume ta, ya kwantar da kai. Ta kurma ihu. Mijin ya taho da adda. Ta juya ta nuna min sawun farce a kafaɗarta. Mijin ya ce bai cije ta ba. Ya ce har ya iso birin bai gudu ba, kallonsa kawai yake yi.

Na je da guntun wa'azina a baki a kan dokar kare namun daji. Na haɗiye shi. Mutumin nan ya yi abin da babanki zai yi in wani abu ya faɗo min daga ciyawa. Ɗanlami kuma ya yi abin da muka koya masa: ya ji tsoro, ya ji yunwa, ya ga bayan mace. Kowa ya yi daidai da tarbiyyarsa.

Shawara biyu ke cikin wannan. Saki ba buɗe ƙofa ba ne. Ba a sakin biri shi kaɗai, sai a cikin 'yan'uwan da ya riga ya saba da su. Ba a sakinsa kusa da gona. Ana kai su wurin, su zauna a kewaye har su san ruwan wurin da itatuwansa da kukan tsuntsayensa, sannan a buɗe, a riƙa rage abinci kaɗan-kaɗan. Mai saki kuma ba ya juya baya ya tafi. Yana nan, yana kallo daga nesa, ta inda iska ba za ta kai ƙamshinsa ba. Ta biyu, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandunku. Za ki ji abokan aiki suna kiransu ɓarayin nama. Kafin ki ara bakinsu, je ki gaishe da mutanen, ki zauna, ki sha ruwansu, ki ga gonar da giwa ta kwana a ciki. Ke giwa hoto ce a bangon ɗakinki tun kina firamare, su kuwa ita ce ta cinye dawar shekara. In ba su yarda da ke ba, ko soja aka ba ki ba za ki tsare dajin nan ba.

Saura na ƙarshe, kuma shi ya fi tsada. Ba a daɗe ba aka yi min tayin aiki a arewa, irin naki sak. Na ce Hajiya ba ta da lafiya, ba zan iya nisa ba. Kin dai ga Hajiya, ta binne duk likitocin da suka duba ta. Gaskiyar ita ce biri ɗaya ya mutu, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa ban dace da aikin ba. Na ɗauki alli. Ba na raina koyarwa, 'yan matan da suka bi ta hannuna suna asibitoci da ofisoshi, wasu har suna gaishe ni. Amma na bar aikin a daidai ranar da na fara iya shi.

Wani zai mutu a hannunki, Ummi. Ko kin yi komai daidai, wani zai mutu, wataƙila ma wannan na farkon. Ki binne shi, ki bincika abin da ya faru ba tare da kin yi wa kanki ƙarya ko ƙazafi ba, ki wanke hannu, ki je ki ba na gaba abinci. In kika dawo min Nima da akwati a ka saboda haka, zan ba ki tuwo, in bar ki ki yi kukanki, in kai ki mota da kaina.

Domin abin da ke gabanki babba ne! Yau goge kashin biri, gobe ke ce za ki bi sawun garken giwaye ki san inda suke shan ruwa da rani. Za ki horar da masu gadi, za ki tsaya gaban yaran ƙauye ki sa su ga cewa dajin nasu ne. In kin so ki koma karatu ki zama likitar namun daji. Wata rana a ce gandu guda mace ke riƙe da shi, a tambaya 'yar ina ce, a ce 'yar zango ce. Ina so in ga fuskar Anti Akosua ranar. Mazan wurin za su gwada ki, za su ƙara sauri a tafiya su ga ko za ki ce a tsaya. Kada ki yi ƙorafi, kada kuma ki yi wautar nuna jarumta a gaban ɓauna don a ce kin isa. Ki riƙa zazzage takalminki kafin ki sa, kunama ba ta san digiri ba.

To, yanzu ɗauko fushin nan da na ce ki ajiye.

Ina Tudu ranar. Kuna fita na rufe takardun, na bi ta wata hanyar, na tsallaka titi na tsaya a bayan huhunan masu goro, inda iska ke kaɗowa daga wajenku zuwa wajena. Mai goron ya dube ni ya ce, "Hajiya, goro za ki saya ko ɓuya kike yi?" Na ce duka biyu. Goron yana nan, kin san ba na ci.

Na ga komai. Na ga kakin ya yi miki ɗan yawa a kafaɗa. Na ga ɗan kamasho zai jefa akwatinki ƙarƙashin buhunan gishiri, kika tsaya masa har ya sauke ya sake ɗauri. Na ga Hajiya ta riƙe hannunki ta ƙi saki. Na kuma ga kin ɗaga kai kina duba cikin taron, kika waiga, kika sake waigawa. Na san wa kike nema. Ƙafata ta ɗaga da kanta, sai da na dafa huhun mutumin nan. Da na tsallako da kin faɗo jikina, ni kuwa na san bayana, ban yarda da shi ba. Sai na ga kin gyara jakarki, kin hau, kin zauna bakin taga, kin fuskanci gaba. Ban bar wurin ba sai da motar ta sha kwana. Wannan karon na yi sakin yadda ake yi.

Majanyin ki riƙe shi. Ki wanke shi da sabulun da ba shi da ƙamshi har turarena ya fita, ki naɗe buhun da shi. Ɗan birin zai maƙale masa, daga baya ya riƙa jansa duk inda za shi. Wata rana zai yar da shi a ciyawa ya bi 'yan'uwansa, ba zai ko waiga ba. Zai yi miki zafi, ina gaya miki tun yanzu. Ki bari su yi nisa, ki je ki ɗauko shi, ki wanke, ki dawo min da shi. Akwai goyon da aka saƙa shi dominsa. Ni ba na gaggawa, Hajiya ce ke yi.

In za ki rubuto, kada ki gaya min yadda yake son ki. Gaya min ranar da ya hango ki ya gudu, in soya waina in raba wa gidan nan, wannan karon da dalili.

Allah Ya tsare fitarki da shigarki. Ya kare ki daga sara da harbi da zazzaɓi, Ya sa dajin nan ya karɓe ki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu amana. Allah Ya ba ki taushin zuciya, Ya kuma ba ki ƙarfin riƙe hannunki a lokacin da ya kamata. Ya raya marayan da ke hannunki har ya manta da ke. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo min da ke lafiya a lokacin hutu, ba kafin nan ba. Amin.

Mahaifiyarki,
Safiya